Gwangwani Na Uku

Ƙarfe biyar nake rufe littafin rasit
a tashar manyan motoci ta Jega.
Warin albasar Aliero ya kama rigata,
har gida yake rako ni, kamar mai bina bashi.

Gwangwanaye uku gare ni bisa kwabet.
Na farko na haya ne, ba ya wasa da kowa.
Na biyu na ranar da ba ta sallama:
zazzaɓin tsakar dare, rasuwa a Yawuri, kuɗin mota.
Na ukun na madarar auta ne da ta ƙare,
na tsaga murfinsa da wuƙa, na naɗe shi da salatif.
Shi ne nawa.

Ɗari biyu in na ƙi hawa kabu-kabu,
ɗari uku ran da na wuce mai tsire ina kallon wani gefe.
Farantin sola nake so,
wanda ke jingine a ƙofar shagon Namadina.
Duk Asabar sai na je gaisuwa,
wurin farantin, ba wurin Namadina ba.

Bayan isha'i, in yara sun yi shiru,
nakan shimfiɗa buhu in baje matattu:
batiran kwamfutar da aka zubar,
tocilan da ta makance, caja mai karyayyen wuya.
In fasa, in gwada ɗaya bayan ɗaya,
cikin shida akan sami biyu masu sauran numfashi.
Dalma na narkewa, hayaƙinta na neman ido,
babban yatsana ya ƙone har ya daina kawo ƙara.
Tasalla ta ce, "Mutum da furfura a gemu
yana wasa da wayoyi kamar ɗan firamare."
Amma da fitilar da na haɗa cikin robar man shafawa
take duba takardun ɗalibanta in an ɗauke wuta.
Ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba.

Ga aibina, ba zan ɓoye ba:
ina cin bashin kaina.
In wata ya yi nisa, albashi ya yi nauyin ƙafa,
sai in ɓare salatif in zari dubu,
in yagi gefen rasit in rubuta,
"Ni Nomau na karɓa daga hannun Nomau, zan biya."
In jefa ciki, in mayar da murfi
ina kauce wa madubin da ke bango.

Daren Alhamis na ce bari in ƙirga.
Wata goma sha ɗaya, na juye bisa tabarma.
Takardu sun fi kuɗi yawa, dama na san za a rina.
Sai dai ga wasu da jan biro, rubutu a tsaye,
irin na mai gyaran jarrabawa:
"An biya wa Nomau dubu ɗaya, daga ribar zoɓo."
"An biya ɗari biyar. A rage zama wurin mai shayi."
Ta ƙarshe kuma, an ninke ta huɗu:
"Na ari dubu uku, gas ya ƙare.
Kada a tambaye ni ranar biya."

Na ɗaga kai. Tana can ta ba ni baya,
tana sa maki, kafaɗarta na ɗan rawa.

Abin da ke ƙasa bai kai rabin faranti ba,
Namadina kuma ya ƙara kuɗi tun bayan Sallah.
Na tattara, kuɗi da takardu duka, na mayar.
Salatif ya ƙare, na ɗaure da tsohuwar robar taya.
Gobe da ƙafa zan tafi tasha.
Akwai wani batir a aljihuna, yaron mota ya ba ni,
ya ce ya mutu tun Kontagora.
Za mu gani.